Makaɗin jitar da ake jin hannunsa ba a san sunansa ba

Idan aka sa waƙar fim a gidan biki a Ƙaraye ko Rogo, nan take jama'a za su faɗi sunan mawaƙin. Da wuya a samu wanda zai iya faɗin wanda ya yi kiɗan.

Wannan sana'a ce mai zaman kanta: makaɗin da ake ɗauko haya zuwa sutudiyo, ya yi kiɗa, a sallame shi, waƙa kuma ta fita da sunan wani.

A fagen jita, babu wanda ya yi fice a wannan aiki kamar Tommy Tedesco na Amurka.

An haife shi a garin Niagara Falls na jihar New York a 1930, daga baya ya koma Los Angeles, inda ya shiga sahun makaɗan sutudiyo da aka yi wa laƙabi da Wrecking Crew.

A shekarun 1960, shi da abokan aikinsa ne suka yi kiɗan faya-fayen Frank Sinatra da Beach Boys da wasu da dama. Jitarsa ce kuma ake ji a kiɗan buɗe shirye-shiryen talabijin irin su Bonanza da Batman.

Abin da ya sa ake rububinsa shi ne saurin karanta rubutaccen kiɗa. Lokacin sutudiyo kuɗi ne, don haka kamfanoni suka fi son wanda zai kalli takarda sau ɗaya ya kaɗa daidai, ko da mawaƙin yana da nasa makaɗan.

Sai dai sau da yawa ba a sa sunayen irin su Tedesco a bangon faifai. Ya samu shanyewar ɓarin jiki a 1992, ya rasu a 1997. Sai a 2008 ɗansa Denny ya fitar da fim kan tarihin waɗannan makaɗa, sannan mutane da yawa suka san su.

Nijeriya ma ta yi nata. A Legas, Berkley Jones na ƙungiyar BLO ne ya kaɗa jita a faifan Try and Love na 1973, wanda ya fito da sunan Ofege, wasu 'yan makarantar sakandare, a kamfanin EMI.

A Kano labarin ya bambanta. Lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, fiyano samfurin Yamaha ne ya mamaye sutudiyo. Mutum ɗaya zai zauna ya fitar da amon ganga da sarewa da jita, a kuɗin da bai kai na ɗauko makaɗa biyar ba. Ke nan sana'ar mai jita ba ta samu gindin zama ba, mai fiyano ne ya gaji kujerarsa, ya kuma gaji matsalarsa.

Domin galibi a nan ma sallama ɗaya ake yi masa. Waƙa na iya shekara goma tana tashe a gidajen rediyo da wayoyin jama'a, ba tare da ko kwabo ya sake shiga aljihunsa ba.

A kiɗan gargajiya, ko ba komai, mawaƙi kan ambaci makaɗansa da 'yan amshinsa a tsakiyar waƙa, kuma da su ake raba abin da aka samu a wurin wasa.