Babban Bikin Tamaula A Ƙasar Rairayi, Da Ladan Wanda Ya Yi Ginin

Ran 11 ga watan Disamba na 2024 bisa lissafin Turawa, hukumar da ke riƙe da ragamar wasan tamaula ta duniya, watau FIFA, ta yanke shawara cewa ƙasar Saudiyya ce za ta sauki gasar cin kofin duniya ta shekarar 2034. Ita kaɗai ta nema, aka kuwa ba ta da tafi, ba tare da ƙidayar ƙuri'a ba. Shekara biyu kafin wannan, maƙwabciyarta Ƙatar ta riga ta yi nata bikin. A birnin Katsina maganar takan taso a rumfar kasuwa da zauren malam, ba a gidajen kallon ƙwallo kaɗai ba. Waɗansu su ce ina ruwan ƙasar da ba kogi ba ciyawa da tamaula, in ba don kuɗi sun yi mata yawa ba. Waɗansu su ce sukar da ake yi duk hassadar Turawa ce kurum, don sun ga abin ya faɗa hannun Musulmi.

Kafin mutumin Arewa ya ce ƙasar wani ba ta cancanta ba, ya kamata ya tuna da 1995. A wannan shekara Nijeriya aka ba gasar samari 'yan ƙasa da shekara 20. Ana dab da farawa sai FIFA ta janye ta, ta kafa hujja da tsoron annoba, musamman sanƙarau. Ina aka kai ta? Birnin Doha na Ƙatar, cikin watan Afrilu, Ajantina ta ɗauki kofin. Mutanen ƙasar nan sun ji zafin abin ƙwarai, suka ce raini ne. Ga shi kuwa da shekara ta zagayo, cikin 1996, sanƙarau ya auka wa Arewa, ya kashe mutum fiye da 11,000. Sai a 1999 aka dawo wa Nijeriya da gasar, aka buga a Kano da Kaduna da Bauchi da waɗansu birane na Kudu. Wanda aka taɓa ce masa gidanka bai isa a sauki baƙo ba, ya san ɗacin maganar.

Batun zafi shi aka fi yayatawa, shi ne kuma mafi rauni. Gaskiya ne da bazara zafin Doha yakan wuce awo 40, babu mahalukin da zai yi gudun sa'a ɗaya da rabi a cikinsa ya kwana lafiya. Amma fatake sun daɗe da sanin maganin wannan. Ayarin gishirin da ke tashi daga ƙasar Agadas zuwa Bilma ba ya kama hanya da bazara, sai damina ta ɗauke, sanyi ya fara shigowa. Haka FIFA ta yi a 2015, ta mayar da gasar Ƙatar ƙarshen shekara, aka buga daga 20 ga Nuwamba zuwa 18 ga Disamba na 2022. Waɗanda suka fi ƙorafi su ne manyan ƙungiyoyin Turai, don an katse musu kasuwa tana tsakiyar ci. Katsina ma a bakin hamada take, hakan bai hana Sarki Muhammadu Dikko kafa wasan folo a birninsa ba, bai kuwa hana ɗansa Sarki Usman Nagogo zama gwanin da Turawa da kansu suka sallama wa a kan doki ba.

Sai kuɗi. Ƙatar ba ta kai rabin Jihar Katsina faɗi ba. Mazaunanta wajen miliyan 3 ne, 'yan ƙasa na asali kuwa ba su fi kashi ɗaya cikin goma da 'yan kai ba, sauran duk baƙi ne 'yan neman abinci. Arzikinta iskar gas ce. An ƙiyasta ta ɓatar da dala miliyan dubu 200 ko fiye cikin shekara goma sha biyu na shiri, amma filayen wasa takwas ɗin ƙaramin kashi suka ci. Mafi yawa ya tafi ga jirgin ƙasa mai bin ƙarƙashin ƙasa, da tashar jiragen sama, da hanyoyi, da sabon birnin Lusail. A nan ɗan kasuwa zai lura da wani abin mamaki. A al'adar fatauci, fatoma ne ke saukar da baƙi ya sami la'ada. A wannan ciniki kuwa mai masauki shi ya yi ɗawainiya, dillali ya kwashe riba, gama FIFA ta tara dala miliyan dubu 7 da rabi a shekaru huɗun da suka ƙare da gasar. To me Ƙatar ta saya? Suna. Ƙaramar ƙasa ce tsakanin manya, kuma daga 2017 zuwa 2021 Saudiyya da Masar da Bahrain da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun rufe mata iyaka. Wanda duniya duka ta san ƙofar gidansa, da wuya a haɗiye shi cikin dare. Suna ya zama mata ganuwa. Ko ta yi tsada, dukiyarta ce. Ta wannan fuska ta fi ƙasar da za ta fara gini ta yasar, kamar yadda filin wasa na Karkanda a Katsina, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Muhammadu Dikko, ya yi shekaru a yashe tun zamanin soja, sai zamanin Gwamna Ibrahim Shema aka kammala shi.

Yadda aka samo gasar ma ba a rasa ƙura ba. Ran 2 ga Disamba na 2010 a birnin Zurik, Ƙatar ta ka da Amurka da ƙuri'a 14 da 8. Masu zaɓen 24 ya kamata su zama, suka koma 22, don an dakatar da biyu bisa zargin neman toshiyar baki, ɗaya daga cikinsu ɗan Nijeriya ne, Amos Adamu. A 2020 masu gabatar da ƙara na Amurka suka ce an sayi ƙuri'un waɗansu wakilai, Ƙatar ta musanta.

Da bikin ya zo, akwai abin da ya faranta ran malamai da almajiransu. An buɗe shi da karatun Alƙur'ani. Saura kwana biyu a fara aka hana sayar da giya a harabar filayen wasa, ko da yake kamfanin Budweiser ya biya maƙudan kuɗi. Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1, Maroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe, abin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa yi ba. A daren ƙarshe Sarkin Ƙatar Tamim ya yafa wa Messi alkyabba kamar mai karɓar sarauta. To amma wanda ya yi murna da hana giya, lalle ne ya zauna ya ji sauran labarin, don ba giya kaɗai shari'a ta yi magana a kanta ba.

Waɗanda suka ɗauki siminti da ƙarfe leburori ne daga Indiya da Nefal da Bangaladash da Fakistan, da waɗansu daga Kenya da Uganda da Gana. Sun shiga ƙarƙashin tsarin da ake kira kafala. Ma'anarsa, baƙo ba shi da izinin zama sai da sunan kafili, watau ubangidan da ya ɗauko shi. Ba ya sauya wurin aiki sai da yardarsa, ba ya barin ƙasar sai da sa hannunsa, sau da yawa ma fasfonsa na aljihun ubangidan. In ya gudu don an hana shi lada, shi ne mai laifi, 'yan sanda su neme shi. Tun kafin ya baro gida kuwa ya riga ya ci bashi ya biya dillalin aiki, sai ya shekara yana yi wa bashi bauta. Duk wanda ya karanta babin ijara a Risala ko Muhtasar ya san sharuɗɗan ɗaukar ɗan ƙwadago: lada sananne, aiki ko wa'adi sananne, da yardar kowane ɓangare. Ɗa da aka yi jinga da shi yana nan ɗa, ƙarfinsa aka yi haya, ba wuyansa ba. Tsofaffin ƙasar Katsina suna da abin kwatance, watau ɗiban gwamna na shekarun 1942 zuwa 1944, sa'ad da Turawa suka riƙa kwasar talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa sanyi da yunwa suka kashe su a can. Su sanyi ya ci, waɗannan rana.

Mutum nawa suka mutu? A nan bakin ya rabu. Jaridar Guardian ta Ingila ta buga a 2021 cewa baƙi fiye da 6,500 daga ƙasashe biyar na Asiya sun mutu a Ƙatar cikin shekara goma, amma wannan lissafi ya haɗa kowace irin mutuwa, ba ta wurin gini kaɗai ba. Masu shirya gasar suka ce 3 ne suka mutu a bakin aikin filayen wasa, 37 kuma ba ta dalilin aiki ba. Ana cikin gasar shugabansu, Hassan al-Thawadi, ya ce tsakanin 400 da 500 ne in an haɗa ayyukan da suka shafi bikin. Abin da ya kawo wannan tazara shi ne, saurayi mai jini a jika yakan wuni cikin rana, ya kwanta da dare bai tashi ba, a rubuta a takarda cewa zuciyarsa ce ta tsaya, ba a binciki gawa ba. Da zarar an rubuta haka, diyya ta faɗi. Uwa a ƙauye ta karɓi akwati, ga bashin dillali na jiranta.

Ba za a ƙi faɗin gyaran da aka yi ba. A 2017 Ƙatar ta ƙulla yarjejeniya da hukumar ƙwadago ta duniya. Ta soke izinin fita, a 2020 ta ba lebura damar sauya ubangida, ta yanka mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 a wata, da 500 na ɗaki da 300 na abinci in ubangida bai bayar ba. Ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma a watannin zafi. Da ba don idon duniya da tamaula ta jawo ba, da wuya a yi wannan, ita ce kuwa hujja mafi ƙarfi ga masu cewa a ba irin waɗannan ƙasashe gasa. Sai dai gyaran ya zo shekara goma bayan an ba da gasar, gini ya kusa ƙarewa. Ƙungiyoyin kare hakki suka roƙi FIFA ta ware dala miliyan 440 don iyalan mamata da waɗanda aka cinye wa lada, daidai da abin da aka raba wa ƙasashen da suka buga. A 2024 ta fitar da miliyan 50, ta miƙa wa waɗansu hukumomin duniya, leburori ba su ga ko anini ba.

Ƙasar rairayi mai arziki tana da hakkin saukar baƙi kamar kowa, zafi ba hujja ba ne, addini balle. Sharaɗin da ya kamata a gindaya mata shi ne na lebura, a kuma gindaya shi tun ba a aza tubalin farko ba. Wannan ne FIFA ba ta yi wa Saudiyya ba. Ta ba takardar nemanta maki mafi yawa da ta taɓa ba wata ƙasa, alhali ƙungiyar ƙwadago haramun ce a can, gyaran kafalar da aka yi a 2021 kuma bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba. An tsara filaye 15 a birane biyar, Riyad da Jidda da Khobar da Abha da Neom, mafi yawansu sababbi. Makka da Madina ba su ciki. Akwai kuma wata matsalar lokaci: bisa lissafi azumin 1456 zai kama wajen tsakiyar Nuwamba na 2034, watau daidai kwanakin da Ƙatar ta yi nata.

Abin da ya sa wannan ya shafi Katsina fiye da na Ƙatar, hanyar Jidda tsohuwar hanya ce ga Bahaushe. Ƙidayar 2022 ta nuna baƙi fiye da miliyan 13 ke zaune a Saudiyya, cikinsu har da Hausawan da ake kira tukari, waɗansu da takarda, waɗansu sun shiga da umara sun maƙale. Na biyun nan ba su da ko kafilin da za a kai ƙara. Da gini ya kankama dillalai za su zagayo, daga Ƙofar Ƙaura har Jibiya da Daura, suna yi wa samari alkawarin riyal. Uban da zai jinginar da gona don ɗansa ya tafi, ya nemi ganin takardar jinga kafin ya ƙirga kuɗi: sunan kafili, irin aikin, albashi nawa a wata, wa'adi shekara nawa, wa zai biya jirgin dawowa. In da Larabci aka rubuta, ga malamai a kowace unguwa. Dokar ƙwadago ta Saudiyya da kanta ta ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci a wuyan ubangida, ta kuma hana shi riƙe fasfon wanda ya ɗauka.