Yadda A Ke Ƙimanta Tsohuwar Mota

Sau da yawa a kan kawo wa hakimi maganar mota, ko wajen rabon gado, ko rigimar mai saye da dillali. Magada su ce darajarta kaza, mai saye ya ce ba ta kai ba. To, ya kamata hakimai da malamansu su san yadda masana ke yanke wa tsohuwar mota kuɗi.

A ƙasashen Turawa akwai littattafai na musamman don wannan aiki. A Amurka wani dillalin motoci, Les Kelley, ya fitar da nasa a 1926, shi ne Kelley Blue Book. A Ingila kuwa William Glass ya soma Glass's Guide a 1933. Yanzu galibi a intanet a ke duba su.

Masu shirya su ba da ka su ke yanke kuɗi ba. Su kan tattara labarin abin da aka biya a gwanjo da wurin dillalai, su auna, sa'an nan su rubuta matsakaicinsa. Abubuwa huɗu su ke dubawa: irin motar, da shekarar da aka ƙera ta, da yawan mil ɗin da ta ci, da lafiyar jikinta da injinta. Kuɗi iri biyu su kan nuna, watau wanda dillali zai saya, da wanda zai sayar. Na biyun ya fi yawa, gama a ciki ribarsa ta ke.

Yawancin motoci kullum darajarsu raguwa ta ke yi. Amma akwai waɗansu na tarihi waɗanda tsufa ke ƙara musu kuɗi, saboda kaɗan aka ƙera, ko kuwa sun yi suna a tsere. Kamfanin Hagerty na Amurka ya kasa irin waɗannan aji huɗu, na 1 ba ta da aibi ko kaɗan, na 4 kuwa ta na tafiya amma da gyara. A 2022 aka sayar da wata Mercedes ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135, domin biyu kaɗai aka yi irinta. Kada wannan ya ruɗi kowa, tsufa kaɗai ba ya mai da mota ta tarihi.

Sai a lura, kuɗin da ke cikin littafin na kasuwar ƙasarsu ne. Motar da aka shigo da ita nan, an biya mata kuɗin jirgi da na kwastan, kuma hanyoyinmu da samuwar kayan gyara su na canza darajarta. Saboda haka in magana ta zo gabanku, a nemi makaniki amintacce ya duba motar, a tambayi dillalai biyu ko uku dabam dabam, a ga takardunta. Malami ya rubuta abin da kowa ya faɗa kafin a yanke, don kada a ci haƙƙin maraya.