Karatun Ƙwaƙwalwa a Jami'a: Ta Ina Ake Shiga?

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akwai gidajen da za a ji sun yi tsit kamar an yi rashi. Yaro ya cike Likitanci a fom ɗin JAMB, 'yan unguwa har sun fara kiransa "Dakta", sai ga shi an tura shi Anatomi ko Fisiyoloji. Uwa ta ce Allah Ya sa hakan ne mafi alheri. Uba ya ce ya karɓa ya fara zuwa, baɗi ya sake zana jarrabawa. Da wuya a samu wanda zai gaya wa yaron cewa kwas ɗin da yake ganin an jefa shi cikinsa shi ne ƙofar da yawancin 'yan Najeriya ke bi su shiga ɗaya daga cikin fagagen kimiyya mafi tashe a yau, wato kimiyyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wadda a jami'o'i ake kira Niyurosayans.

Ta wannan ƙofar Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe, ya shiga. Anatomi ya karanta a Jami'ar Maiduguri, daga nan ya wuce Jami'ar Sussex a Ingila ya yi digiri na biyu da na uku, yana binciken cutar Alzheimer, cutar nan da ke cinye tunanin tsoho har ya kasa gane 'ya'yan cikinsa. A 2021 aka buɗe cibiyar bincike ta BioRTC da ya assasa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da na'urorin hangen ƙwayoyin halitta waɗanda ba kasafai ake ganin irinsu a jami'o'in ƙasar nan ba.

Kafin maganar neman gurbi, ya kamata a tantance tsakanin aya da tsakuwa, domin nan ne iyaye da yawa ke ruɗewa. Likitan jijiyoyi, wanda ake kai wa mai farfaɗiya ko mai shanyewar ɓarin jiki, sai ya yi shekara 6 a makarantar likitanci, ya ɗora da shekarun ƙwarewa a asibitin koyarwa. Haka likitan da ke fiɗar kai, haka likitan masu taɓin hankali. Mai digirin Niyurosayans kuwa ba shi da lasisin duba mara lafiya, ko Panadol ba zai rubuta wa kowa ba. Aikinsa a ɗakin gwaje-gwaje yake, yana neman amsar tambayoyin da likitan kansa ke jira: me ke faruwa a cikin ƙwayar jijiya har mutum ya faɗi yana shure-shure, a ina tunani ke zama, me ya sa wanda ya saba da tiramol ke kasa bari ko da yana so. Wanda burinsa ya sa farar riga ya zaga gadajen marasa lafiya, gara ya sani tun wuri cewa wannan wata hanya ce daban.

Fagen ma yaro ne a cikin fagage. Sai a 1966 Jami'ar Harvard ta buɗe sashe na musamman domin nazarin jijiyoyi, a 1969 aka kafa babbar ƙungiyar masana fannin ta Amurka, kuma a 1973 Kwalejin Amherst ta zama ta farko a ƙasar da ta fara ba da digirin farko a kansa. Kafin nan, masu binciken ƙwaƙwalwa a warwatse suke, wani a Anatomi, wani a Fisiyoloji, wani a sashen harhaɗa magunguna. Halin da yawancin jami'o'in Najeriya ke ciki ke nan har yanzu, ana yin aikin amma a ƙarƙashin wasu sunaye.

Ɗalibai da yawa suna shigowa da zaton za a zauna ana hira ne kan mafarki da basira da halayyar mutane. Shekarar farko takan wanke musu ido. Kemistiri ne, da Bayoloji na ƙwayoyin halitta, da lissafi. Dalilin kuwa a fili yake. Ƙwaƙwalwar babban mutum kimanin kilo 1.4 ce, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, adadin da wata masaniya 'yar Brazil, Suzana Herculano-Houzel, ta fitar a 2009 bayan ta narkar da ƙwaƙwale ta mayar da su kamar kunu, ta ƙirga ƙwayoyin da ke ciki. Kowace ƙwaya tana aika saƙo ne da 'yar wutar lantarki, wutar kuma daga gishiri take fitowa: sodiyam, irin wanda ke cikin gishirin miya, ya kutsa cikin ƙwayar ta wasu 'yan ƙofofi, potasiyam ya fita ta wasu, sai saƙo ya zarce, a jijiyoyi mafi sauri har mita 100 da wani abu a daƙiƙa ɗaya. Idan ya isa ƙarshen ƙwayar sai ya tarar da ɗan gibi, a nan sai sinadari ya karɓi aikin ya tsallaka da shi zuwa ƙwaya ta gaba. A wannan ɗan gibin yawancin magungunan ƙwaƙwalwa da kayan maye ke yin aikinsu. Wanda ya tsani Kemistiri a sakandare, a nan zai sake haɗuwa da ita fuska da fuska.

Yadda aka gano wannan ma abin ji ne. Alan Hodgkin da Andrew Huxley, Turawan Ingila biyu, sun yi aikinsu ne a garin Plymouth na bakin teku da jijiyar wata halittar ruwa mai laushin jiki da ake kira sikwid, domin jijiyarta na da kaurin da za a iya zura mata siririyar waya. A 1952 suka fitar da sakamakon, kuma abin da suka fitar lissafi ne zalla, wanda Huxley ya shafe makonni yana warwarewa da injin lissafi na juyawa da hannu. Ya kai su ga kyautar Nobel a 1963, kuma har gobe ɗaliban shekara ta biyu na fama da wannan lissafin. Yau kwamfuta ke yin wahalar, shi ya sa ɗalibin da ya iya rubuta manhaja da Python ko R ya fi tsaransa kasuwa a kowane ɗakin bincike.

Sai maganar dabbobi, wadda ke ba wasu dariya wasu kuma ƙyanƙyami. Ba a yanka kan mutum mai rai don gwaji, saboda haka ɓera da ɗan kifi da ƙuda su ne abokan aiki. Ɗan mitsitsin ƙudan nan da ke taruwa kan ruɓaɓɓiyar ayaba ko mangwaro, da shi aka gano ƙwayoyin gadon da ke saita agogon barci da farkawa a jiki, aikin da ya ci Nobel a 2017. A 2024 masana suka kammala zana taswirar ƙwaƙwalwarsa gaba ɗaya, ƙwayoyin jijiya kusan 140,000 da mahaɗai fiye da miliyan 50. Ga jami'ar da ba ta da kuɗi, ƙudan nan rahama ne, abincinsa ba tsada, kuma cikin mako biyu ya hayayyafa. Wannan tunanin ne ya sa Lucia Prieto-Godino da Tom Baden da Sadiq Yusuf, wani malami ɗan Najeriya da ke koyarwa a Uganda a lokacin, suka kafa ƙungiyar TReND in Africa a 2011 don koyar da matasan masana na Afirka binciken jijiyoyi da ƙwari da kayan aiki masu araha.

To, ta ina ake shiga? A Najeriya hanyar sananniya ce: kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, sannan a zana Turanci da waɗannan darussan kimiyya uku a JAMB, a tsallake tantancewar da jami'a ke yi daga baya. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri duk suna da sassan Anatomi da Fisiyoloji, kuma makin da ake yankewa bai kai na Likitanci ba. Bayokemistiri ma ƙofa ce, haka harhaɗa magunguna, har ma da Lissafi da Kwamfuta. A Nijar, mai takardar bakaloriya ta kimiyya kan fara da nazarin halittu ko fannin lafiya a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ya nemi ƙwarewa a digiri na biyu.

Mai son digirin farko da ke ɗauke da sunan Niyurosayans kai tsaye, yawanci sai ya duba waje, kuma nan aljihu ke magana. A Birtaniya ana nema ta hukumar UCAS, wadda ke ba ɗalibi damar zaɓen kwas 5 da takardar bayanin kai guda ɗaya da ba za ta wuce haruffa 4,000 ba. Yawancin kwasa-kwasai ana rufe su a watan Janairu, amma Oxford da Cambridge tun 15 ga Oktoba suke rufewa, kuma su ba sa ɗaukar ɗalibi da sunan Niyurosayans tun ranar farko, sai ya shiga babban kwas na kimiyya ya karkata daga baya. Jami'ar UCL ta Landan kan nemi A uku a jarrabawar A-level, kuma dole Kemistiri na ciki. Takardar WAEC ita kaɗai ba ta cika isa a manyan jami'o'in ba, sai an haɗa da shekarar share fage. Kuɗin makaranta ga baƙo yakan haura fam 20,000 a shekara, a manyan jami'o'in Landan ya wuce 30,000, ban da haya da abinci. A Amurka tsarin daban ne, jami'ar ake nema ba kwas ba, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ɗalibi ke bayyana fannin da ya zaɓa. 'Yan kaɗan daga cikinsu, irin su Harvard da MIT da ita Amherst ɗin, suna ɗauke wa baƙon da ya samu shiga duk abin da iyayensa ba za su iya biya ba, sai dai masu nema dubbai ne, gurbin kuwa kamar ruwa a gwiwar kaza.

Ga ɗan talaka, hanya mafi hankali ita ce ya yi digirin farko a gida ya fita da sakamako mai kyau, sannan ya nemi tallafi a mataki na gaba, inda ƙofofi suka fi yawa. Tallafin Commonwealth na Birtaniya kan nemi aƙalla digiri mai daraja ta biyu ta sama. Jamus na da tallafin DAAD, kuma a garin Göttingen akwai shirin digiri na biyu da na uku kan jijiyoyi da ake koyarwa da Turanci. A Amurka ɗalibin digiri na uku a wannan fanni ba ya biyan kuɗin makaranta a yawancin manyan jami'o'i, shi ake biya alawus tsawon shekara 5 ko 6. Ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, IBRO, na shirya gajerun makarantu a Afirka ta ɗauki nauyin mahalarta, ga kuma ƙungiyar masana jijiyoyi ta Afirka, SONA, da aka kafa a 1993. Masu tantancewa ba su cika damuwa da dogon bayani kan yadda ƙwaƙwalwa ke burge mai nema tun yana yaro ba, kowa haka yake rubutawa. Abin da suke tambaya shi ne wane gwaji ya taɓa yi da hannunsa, me ya samu, me ya ɓaci, kuma wane malami ne zai tsaya masa. Furojet ɗin shekarar ƙarshe da wasu ke saye a shagon kwamfuta na bakin ƙofar makaranta, shi ne ainihin abin da za a titsiye mutum a kai ranar ganawa.

Tambayoyin bincike kuwa ba sai an je nesa nemansu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya a duniya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa da magani, amma har yau akwai garuruwan da ake gudun yawun mai farfaɗiya don tsoron ɗauka. Ga sanƙarau da ke dawowa duk bazara ya bar yara da kurunta, ga zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, ga gubar dalma da ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, ta bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa. Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya yi suna a duniya ne da irin wannan tambayar ta gida, lokacin da ya danganta wata cutar jijiyoyi mai sa tangaɗi da raunin gani da gubar da ke cikin rogon da ba a sarrafa da kyau ba.

Ba kuwa za a ɓoye ba, aikin yi ba ya jiran mai wannan digiri a bakin ƙofa. Mafi yawa koyarwa da bincike ne, wasu su tafi kamfanonin magunguna, masu ƙarfi a lissafi su koma harkar sarrafa bayanai. A gida kuma ga ɗaukewar wuta da ke iya lalata samfurin wata shida a dare ɗaya, ga yajin aiki, ga sinadaran da sai an yi odarsu da dala.

Shi kuwa yaron can da aka tura Anatomi, idan ya daure bai gudu ba, a aji biyu ko uku zai haɗu da darasin da ɗalibai suka fi tsoro, na tsarin ƙwaƙwalwa da laka, mai jijiyoyin kai guda 12 a kowane ɓari da hanyoyin saƙo masu tsallakawa daga dama zuwa hagu. Wata rana malami zai buɗe bokiti, warin fomalin ya cika ɗaki har idanu su kawo ruwa, ya ɗauko ƙwaƙwalwar mutum ya miƙa wa na kusa da shi ya ce ya nuna masa inda magana ke fitowa. Wurin yana ɓarin hagu, can gaba kaɗan da saman kunne, kuma tun 1861 wani likita Bafaranshe, Paul Broca, ya gano shi a kan wani majinyaci da ya shekara 21 ba ya iya furta komai sai "tan".