Garma ta yi nauyi: ko Shari'a ta ba mai saye damar mayarwa?

Da damina ta kawo jiki, a kasuwar Dambatta da ke ci ranar Lahadi mukan ga manomi ya dawo wa maƙeri da garmar da ya saya makon jiya, yana cewa ta yi masa nauyi, kunya biyar ya huɗa kafaɗa ta riƙe. Matashin da ya sayo sandar sinuka a birni ma yakan koma da irin wannan kuka. Sau da yawa maganar takan ƙare da ɓacin rai tsakanin mutanen da gobe za su haɗu a sahu guda.

Asalin ciniki shi ne yardar juna, kamar yadda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta shimfiɗa. A mazhabar Malikiyya, da zarar an ce "na saya" aka ce "na sallama", ciniki ya ƙullu. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad ne suka ba da zaɓi har zuwa rabuwa daga wurin cinikin.

Ƙofa biyu ke ba mai saye haƙƙin mayarwa. Ta farko, ɓoyayyen aibi mai rage daraja, kamar tsagewar ƙarfe ko ƙotar da gara ta ci. Ta biyu, sharaɗin zaɓi: ya ce tun farko, "Zan gwada ta kwana biyu." Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta halatta wannan, muddin wa'adin ya dace da hajar. Nauyi kuwa ba aibi ba ne, domin garmar da ta gagari wani ita wani yake nema.

Idan babu ɗayan biyun, saura iƙala, wato mai sayarwa ya amince a warware cinikin. Ba a tilasta masa, amma Abu Dawud da Ibn Majah sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya yi wa Musulmi haka, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Musanya da wata garmar kuwa sabon ciniki ne. Sai su daidaita a kan cikon kuɗi.

Saboda haka mu jinjina kaya a hannu kafin mu biya, mu furta sharaɗinmu a gaban shaida. Idan mun koma, mu roƙa da ladabi, kada mu ƙirƙiro aibin da babu. Allah ne mafi sani.