Gonar da Ba Ta Hutu: Darasin Karkarar Kano ga Manomin Tudun Wada

Malam manomi, idan a Tudun Wada ta Minna kake zaune, ka fi kowa sanin yadda gona take ƙara nisa. Tun da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976 gine-gine suke cin filaye, har ta kai sai ka hau babur ka miƙa hanyar Bida ko ta Paiko kafin ka taka kunyarka. A da, in ƙasa ta gaji sai a bar ta saura, a yi sabon sassabe a dasa doya. Yau wa zai bar maka fili ya huta shekara biyar? To, gonar da ake nomawa kowace damina, shin dole ne ta mutu?

Masana sun daɗe a kan wannan tambaya. A 1973 wani masanin muhalli a ƙasar Kanada, C. S. Holling, ya jawo hankali ga abin da za mu kira juriya, wato ƙarfin da daji ko tafki yake da shi na shanye masifa ya kuma farfaɗo. Daga baya aka gane ba a raba ƙasa da mutanen da ke cin abinci a kanta, don haka bincike ya koma duban manomi, dabbarsa, itacensa da kasuwarsa a matsayin abu guda. Wani babban ɓangare na wannan ilmi a ƙasar Hausa aka samo shi.

Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1962, daga baya a Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar Kano, inda jama'a suka yi yawa har hutar da gona ya zama tarihi. Bisa lissafin masana da yawa na lokacin, irin wannan ƙasa ta kama hanyar zama fako. Abin da aka tarar ya saɓa wa haka. Gonakin sun ci gaba da ba da gero da dawa, itatuwan gona kuma ba su ƙare ba duk da farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, kuma duk da birnin Kano yana cin itacen girki kullum.

A shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta bi diddigin dalilin a ƙauyen Tumbau, inda mutum sama da 200 ke rayuwa a kan kowace murabba'in kilomita. Ta auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita daga cikinta. Ga yadda abin yake tafiya. Manomi yana haɗa hatsi da wake da gyaɗa a gona ɗaya. Saiwar wake da gyaɗa tana jawo sinadarin naitirojin daga iska. Da kaka ba ya barin harawa ta lalace, sai ya ɗaure ta ya ɗora a kan itace ko rufin ɗaki. Tumaki da awaki suna turke duk damina, ana kai musu ciyawar da aka cire a gona, da rani kuma su ci harawa. Kashinsu, tare da toka da sharar gida, shi ne takin da jaki ke kaiwa gona a mangala kafin ruwa ya sauka. Har ƙurar hunturu da muke ƙorafi a kanta tana zuba wa ƙasar ɗan sinadari kowace shekara. Kusan babu abin da ke fita daga gonar ya tafi ke nan, sai hatsin da aka sayar.

A Dagaceri kuwa, can arewa maso gabas inda ruwa ya fi ƙaranci, Mortimore ya bi mutanen ƙauyen daga 1974 zuwa 1986. Abin da ya fitar da su daga yunwa shi ne yawan madogara: irin gero fiye da ɗaya, musamman mai saurin nuna, ƴan dabbobin da za a sayar a sayi hatsi, tufkar igiyar kaba, da cin rani a kudu.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin waƙar yabon gargajiya. Aikin yana cin ƙarfi ƙwarai, takin dabba ba ya isar kowace gona, kuma binciken na Tumbau ya nuna ana bukatar ɗan takin zamani don cike giɓi. Sa'an nan Minna ba Kano ba ce. Ruwanmu yakan kai milimita 1,200 a shekara, yana wanke taki yana zaizaye kunya, masifarmu kuma ba ta tsaya ga fari ba, kamar yadda ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025 ta nuna. Amma tsadar takin zamani tun daga 2022 ta sa duk wanda ya jingina ga buhu kaɗai ya ji a jikinsa.

Saboda haka fara da abin da ke hannunka. Daina banka wa karan masara da na dawa wuta; ka tara wa dabba, ko ka shimfiɗa su a kan kunya su tare gudun ruwa. Bayan doya ka bi gonar da gyaɗa ko waken suya, wanda kuma yake rage wuta-wuta a masarar da za ta biyo baya. Kaɗanya da ɗorawar da ka tarar a gona ka bar su, tohon kututture kuma ka zaɓi mai ƙarfi ka sassabe sauran, kamar yadda manoman Maraɗi suka fara a shekarun 1980 har aka farfaɗo da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Ƴan awakin da ke yawo a lungun unguwa, a turke su a tara kashinsu a inuwa. In akwai makiyayi kusa da gonarka, ku yi magana tun kafin girbi a gaban mai unguwa: ranar da shanu za su shiga, kwana nawa za su yi, da ɓangaren gonar da kake son a zuba maka takin.