Kyanwa mai gadin rumbu: yadda ake ciyar da ita in ta kamu da ciwo

A ƙasar Kurfai, daga Filinge har ƙauyukan da ke bakin Dallol Boso, hatsin da manomi ya kai rumbu da kaka shi ne abincin gidansa har wata damina. Babban maƙiyin wannan hatsi shi ne ɓera, mai gadinsa kuwa kyanwa. Amma sau da yawa in ta kwanta ciwo, akan tura mata guntun tuwo a wuce, alhali hadisi ya ba da labarin matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha.

Kyanwa dabba ce mai cin nama. A shekarar 1975 masana a Amurka suka tabbatar cewa rashin wani sinadari mai suna taurin, wanda ke cikin nama, yana lalata mata ido. Tuwo da fura ba su ɗauke da shi.

In ta ƙi abinci, sai a dafa tsokar kaza ko ta akuya har ta yi laushi, a cire ƙashi, a daka ta da ɗan romo, a ba ta kaɗan-kaɗan da ɗuminta. Dalili shi ne da ƙamshi kyanwa take neman abinci, mura kuwa tana toshe mata hanci; ɗumi shi ke tada ƙamshin. A ajiye mata ruwa mai tsabta kusa.

Kada a sa albasa ko tafarnuwa, domin suna lalata mata jini. Kilishi da tsire ma ba nata ba ne, saboda yaji da gishiri. Ko da yake yankin ya yi suna da nonon shanun Azawak na tashar Tukunus, madara takan sa babbar kyanwa zawo. Ƙwayar farasitamol kuwa, ko guda ɗaya, tana iya kashe ta.

Kyanwar da ta kwana biyu ba ta ci ba, hantarta na cikin haɗari, sai a kai ta wurin likitan dabbobi. Wadda kuma ke dalalar da miyau, tana kai cizo ba dalili, kada kowa ya taɓa ta, musamman yara, domin tana iya zama ta kamu da ciwon haukan kare. A sanar da ma'aikatan kiwo nan take; wanda ta ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya hanzarta zuwa asibiti.