Sallarmu ta ƙarshe a Nima

Saura mako uku Babbar Sallah mai gidan da muke haya ya aiko ɗansa da takarda. Kuɗinmu zai ƙare a ƙarshen wata, in muna son zama sai mu kawo na shekara biyu a dunƙule, da ƙari a kai. Mijina ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Bai ce uffan ba har aka yi Isha'i.

Duk wanda ya taɓa zaman haya a Accra ya san irin wannan takarda. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata 6 gaba, har ofishi ma akwai na kai ƙara. To amma wa zai kai? Ko ka yi nasara, gobe a bakin famfo ɗaya za ku haɗu, ga mutane a waje suna jiran ɗakin da kuɗinsu a hannu. Muka yi lissafi, muka sake yi, sidin da muka tara bai kai ba. A Kasoa kuwa kuɗin nan zai ba mu ɗaki da falo, har da bayan gida namu na kanmu.

Mijina ya yi ta lallashina, wai ai Kasoa ma garinmu ne, sunan ma daga "kasuwa" ya samo asali, akwai zango, akwai masallatai, tafiyar ba ta wuce kilomita 30 da 'yan kai ba. Gaskiya ya faɗa. Sai dai wanda ya taɓa kama hanyar Mallam da asuba a cikin trotro, ko ya ga yadda ruwan sama ke kwaso yashi ya zuba a kan titi bayan Weija, ya san ba da kilomita ake auna ta ba.

Da na so mu tashi kafin Sallah, shiru, ba hayaniya. Surukata ta ce a'a. "Ba a barin gida da dare kamar mai gudun bashi. Ku yi layya, ki bi ɗaki ɗaki."

Haka aka yi. Mu bakwai muka haɗa kuɗi aka sayi saniya, kamar kowace shekara. Washegarin Sallah, tsakar gida ta cika da hayaƙin suya, yara na ta shiga da fita da sababbin kaya suna karɓar barka da Sallah, ni kuwa rabin tukwanena na cikin buhu. Na ɗauki kwanon nama na fara daga ɗakin bakin ƙofa. Maganar ɗaya ce a ko'ina: ga nama, za mu tashi jibi, abin da na yi muku a yafe mini. Na ɗauka faɗarta ba wuya. A ɗaki na uku murya ta ƙi fita.

Shekara 11 na yi a gidan nan. Matar da ta riƙe mini hannu a cikin tasi daren haihuwata ta fari tana nan. Maƙwabciyarmu Kirista, wadda ke kawo mana shinkafa da kaza duk Kirsimeti mu kuma mu kai mata naman layya, ta karɓi kwano ta rungume ni, ta ce to bana wa za ta dafa wa? 'Yan adashinmu suka ce kada in damu, in riƙa turo zubi ta waya. Zan turo. Amma ni dai ba don kuɗin kaɗai nake zuwa zubi ba, kuma su ma sun sani.

Ɗaki na ƙarshe shi ne na Inna, tsohuwar da ke sayar da koko da ƙosai a bakin lungu. Kusan shekara guda gaisuwa kawai ke haɗa mu, tun rigimar kuɗin wuta. Mita ɗaya gidan ke da ita, ta ce firjina ne ke cinye kuɗin, na mayar mata da maganar da bai kamata yarinya ta faɗa wa sa'ar uwarta ba. Na yi sallama, na durƙusa.

"Inna, ga nama. Za mu tashi."

"Na ji a bakin mutane," in ji ta. "Zauna."

Ba ta ambaci wuta ba, ni ma ban ambata ba. Ta tambaye ni ko akwai ruwa a sabon gidan, ko akwai makarantar allo kusa, ko na san maƙwabtan. Ta ce ranar da na sauka in dafa abinci in kai musu tun kafin su kawo mini. Da na ce ta yafe mini, sai ta ɗaga hannu: "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Tashi, kina da aiki."

Ranar tashi mota ba ta iya shigowa lungunmu ba, dama ba ta taɓa iyawa ba. Samarin da ke zaman shan ataya a ƙofar gida, waɗanda kullum nake wa faɗa kan surutun dare, su suka ɗauki gado da katifa da firjin nan a ka har bakin titi. Mijina ya miƙa musu kuɗi suka ƙi karɓa.

Sai da muka kwana biyu a Kasoa ina jera kaya na lura kwanona mai murfi babu. Na kira jikar Inna. Ina jin muryar tsohuwar daga nesa tana cewa a gaya mini kwano na nan, ba za ta ba kowa saƙo ba, in zo da ƙafata in karɓa.